Saƙa Domin Taimako: Zaɓen Allura da Ayyuka Masu Sauƙi

Idan watan Nuwamba ya yi nisa, iska takan juya ta riƙa busowa daga arewa maso gabas, wato daga wajen hamadar Sahara. Wannan lokaci shi ne Hausawa ke kira hunturu. Yakan zo da ƙura da hazo da sanyi, kuma yakan kai har watan Fabrairu. A Kano da Katsina da Maiduguri, ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 15 da asuba. A Jos, wadda take kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, da kuma tsaunin Mambila na Jihar Taraba, sanyin ya fi haka tsanani. Ko a kudancin ƙasar nan, ka san yadda gari yake yin sanyi da dare a tsakiyar damina.

Mai hali yakan shiga kasuwa ya sayi bargo da suwaita. Amma akwai jariri a asibiti wanda uwarsa ba ta da abin da za ta rufa masa a kai. Akwai yara a gidajen marayu da sansanonin 'yan gudun hijira. Akwai kuma tsofaffi waɗanda ƙarfinsu ya ƙare. A wannan darasi za ka ga yadda allura biyu da dunƙulen zare za su zama taimako ga irin waɗannan bayin Allah. Za ka koyi yadda ake zaɓen allurar saƙa, da ayyuka uku da ɗan koyo zai iya gamawa. Ka riƙe ƙa'ida ɗaya tun daga yanzu: mai buƙata shi ne yake nuna abin da za a saƙa, abin da za a saƙa shi ne yake nuna zare, zare kuma shi ne yake nuna allura.

Saƙa iri-iri ce

Kalmar "saƙa" tana da faɗi a Hausa. Akwai saƙar tufafi ta gargajiya, irin wadda masaƙa ke yi a ƙasar Hausa, da wadda Yarabawa ke yin aso-oke da ita, da wadda matan garin Akwete na Jihar Abiya suka yi suna a kanta. Akwai saƙar kwarashi, wadda ake yi da tsinke ɗaya mai ƙugiya a baki. Akwai kuma saƙar allura biyu, wadda ita ce abin da muke magana a kai. Allurar saƙa doguwa ce, tana da tsini a gefe ɗaya, kuma ba ta da kafa irin ta allurar ɗinki.

Kada ka ɗauka cewa wannan aikin mata ne kawai. A ƙasar Hausa maza sun daɗe suna saƙar tufafi da ɗinkin hula da aikin wuyan riga. Saboda haka darasin nan na kowa ne, namiji da mace.

Saƙar allura tsohuwar sana'a ce. Daga cikin kayan saƙa mafi daɗewa da aka samu akwai safunan auduga da aka tono a Masar, waɗanda aka yi tsakanin ƙarni na 11 da na 14. Saƙa domin taimako ma tana da tarihi. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918, mata da 'yan makaranta a Ingila da Amurka sun saƙa wa sojoji safuna da huluna, ƙungiyar Red Cross kuma ta riƙa tattarawa tana aikawa. A zamaninmu, akwai ƙungiyar Knit-a-Square da aka kafa a 2008. Mutane daga ƙasashe da yawa suna saƙa ƙananan ƙyallaye masu kusurwa huɗu su aika Afirka ta Kudu, a can a haɗa su su zama barguna domin marayu.

Fara da tambaya

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Kafin ka sayi ko da zare ɗaya, je ka wurin waɗanda kake son taimaka wa, tare da malaminka ko wani babba. Idan asibiti ne, ka nemi shugabar ma'aikatan jinya ta ɗakin haihuwa. Idan gidan marayu ne, ka nemi mai kula da gidan. Ka gaishe su da ladabi, sa'an nan ka yi tambayoyi kamar haka: Me kuka fi buƙata? Na masu shekara nawa? Wane irin zare kuke karɓa? Yaya kuke wanke kayan? Yaushe kuke son a kawo?

Wannan mataki yana da muhimmanci ƙwarai. Mutum zai iya ɓata wata guda yana saƙa rigar yaro mai kyau, ya kai asibiti, a ce masa huluna ake nema. Wani zai kai hula mai ado da maɓallai, a ƙi karɓa saboda haɗari. Ka ga an yi asarar zare da lokaci, mai buƙata kuma yana nan cikin sanyi.

Me ya sa ake yawan neman hular jariri?

Jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Amma jariri ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa kamar babba. Fatarsa ba ta da kauri, kitsen jikinsa kaɗan ne, kuma kansa babba ne idan aka kwatanta da sauran jikinsa. Saboda haka ɗumi mai yawa yakan fita ta kai. Idan jariri ya yi sanyi, yakan kasa shan nono, numfashinsa ya yi wahala, cuta kuma ta sami hanyar shiga.

Haɗarin ya fi yawa ga bakwaini. Wannan kalma ta fito daga "bakwai", domin asalin ma'anarta shi ne ɗan da aka haifa a wata bakwai. A wurin likitoci kuwa, duk jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37 bakwaini ne. Haka kuma jaririn da nauyinsa bai kai kilo biyu da rabi ba yana buƙatar kulawa ta musamman. A manyan asibitoci akan sa irin waɗannan jarirai a kwalba mai ɗumi. To, amma kwalaben ba su isa ba, wutar lantarki ma ba kullum ake samu ba. Don haka ake amfani da wata dabara da ake kira renon kangaru, wadda aka fara a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978. Uwa takan ɗora jariri a ƙirjinta, fata da fata, a ɗaure shi da zane, ɗumin jikinta ya riƙa ratsa shi. A wannan hali jaririn ba ya sanye da komai sai nafkin da safa da hula, domin kansa ne yake waje. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙarfafa wannan hanya. Ka ga ashe 'yar ƙaramar hula tana da babban aiki.

Zaɓen zare

A kasuwa za ka ji ana cewa "ulu". Asalin ulu gashin tunkiya ne. Amma yawancin zaren da ake sayarwa da wannan suna a kasuwanninmu na masana'anta ne, ana kiransa akirilik. Ga aikin taimako, akirilik mai laushi ya dace. Yana da araha, yana jure wanki, yana bushewa da wuri. Aibinsa shi ne yakan narke idan wuta ta taɓa shi, don haka sai a kiyaye shi daga murhu da fitila. Ulu na gaskiya ya fi ɗumi, amma yana da tsada, yana iya sa ƙaiƙayi, kuma yakan tsuke idan aka wanke shi da ruwan zafi. Zaren auduga yana da daɗi a jiki, ya dace da wurare masu zafi, sai dai ba ya riƙe ɗumi sosai, kuma ba ya talewa.

Idan ka je saye, goga zaren a kumatunka ko a wuyanka. In ka ji yana suka, to jariri zai fi ka jin sukar. Ka zaɓi zare mai santsi, mai matsakaicin kauri, mai launi mai haske kamar ruwan ɗorawa ko shuɗi mai haske. A kan baƙin zare ko zare mai gashi-gashi, ɗan koyo ba ya ganin abin da hannunsa yake yi.

Kada ka jefar da takardar da aka naɗe dunƙulen da ita. A jikinta akan rubuta nauyin zaren, wato giram 50 ko 100, da yadda ake wanke shi, da kaurin allurar da ta dace da shi.

Kaurin allura

Abu na farko da za ka duba a allura shi ne kaurinta, kuma da milimita ake auna shi. Siririn zare yana son siririyar allura, kakkauran zare kuma yana son kakkaurar allura. Idan allura ta yi wa zare girma, saƙar takan fito da ramuka, iska ta riƙa shiga, yatsun jariri kuma su maƙale a ciki. Idan ta yi masa ƙanƙanta, saƙar takan yi tauri kamar tabarma, hannunka ma ya gaji. Ga yadda aka saba haɗa su:

Siririn zare na kayan jarirai: allura mai milimita 3 zuwa 3.25.
Matsakaicin zare, wanda akan rubuta DK a takardarsa: milimita 4.
Zaren da ya ɗan fi wannan kauri: milimita 5.
Kakkauran zare: milimita 6 zuwa 7.

A nan akwai abin lura. Allurai suna zuwa mana daga ƙasashe daban-daban, kuma ba lamba ɗaya ake buga musu ba. A lissafin Amurka, lamba tana hawa idan kauri ya ƙaru. A tsohon lissafin Ingila kuwa, lamba tana sauka idan kauri ya ƙaru. Allura mai milimita 4 ita ce lamba 6 a Amurka, amma lamba 8 ce a tsohon lissafin Ingila. Mai milimita 5 kuma lamba 8 ce a Amurka, lamba 6 a Ingila. Saboda haka idan mai kanti ya ce maka, "Ga lamba takwas," sai ka tambaye shi, "Milimita nawa ce?" Milimita ita ce ba ta canzawa.

Idan kuɗinka na allura ɗaya ne, wato guda biyu masu tafiya tare, sayi mai milimita 4 da matsakaicin zare. Da su za ka iya yin hula da bargo duka.

Siffar allura

Allurar saƙa iri uku ce ta fuskar siffa. Ta farko ita ce miƙaƙƙiya. Tana da tsini a gefe ɗaya da ɗan kai a ɗaya gefen, wanda yake hana saƙa zamewa. Tsawonta yakan kama daga santimita 25 zuwa 35. Ita ce ta fi dacewa da kai a farko, kuma gajeruwar ta fi sauƙin riƙewa.

Ta biyu ita ce mai igiya. Gajerun allurai biyu ne aka haɗa da siririyar igiyar roba. Da ita ake saƙa abu mai zagaye ba tare da ɗinki ba. Mai tsawon santimita 40 ta dace da hular babban yaro ko ta babba. Mai tsawon 80 ko 100 tana ɗaukar faffaɗan aiki kamar bargo, nauyin kuma ya zauna a cinyarka maimakon wuyan hannu.

Ta uku ita ce mai tsini biyu. Ana sayar da ita huɗu ko biyar tare, ana saƙa safa da ita. Ka bar wannan sai hannunka ya faɗa.

Da me aka yi allurar?

Allurar ƙarfe, wadda yawanci ta alminiyam ce, tana da santsi da ƙarko. Gwani yana sonta domin tana sa sauri, amma a hannun ɗan koyo zare yakan sulluɓe daga kanta. Allurar gora ko ta katako ba ta da nauyi, kuma tana ɗan riƙe zare, don haka ta fi sauƙi ga mai farawa, ko da yake siririyarta tana iya karyewa. Allurar roba tana da araha, sai dai takan lanƙwashe.

Ko wace iri ka zaɓa, yi mata gwaji uku a kanti. Mirgina ta a kan tebur ka ga ko a miƙe take. Shafa ta da yatsa daga kai zuwa tsini ka ji ko akwai kaushi. Sa'an nan ka haɗa biyun ka tabbata kaurinsu ɗaya ne. Ka nemi allura a shagunan masu sayar da kayan ɗinki, wato inda ake sayar da zare da maɓalli da almakashi.

Idan ba ka samu ba, ko kuɗi bai isa ba, kana iya yin taka. Sami siraran sanduna biyu na gora masu kauri ɗaya. Fiƙe bakinsu da abin fiƙe fensir, ka dakushe tsinin kaɗan, ka goge su da sanfefa har su yi sumul, sa'an nan ka shafa musu kyandir. A ɗaya gefen ka naɗa roba domin ta tare saƙa.

Gwaji kafin aiki

A wannan darasi za mu kira kowane madauki na zare da yake kan allura "ido". Jerin idanu daga wannan gefe zuwa wancan shi ne "layi". Saƙa kuma tana da tushe biyu. A saƙar gaba, zare yana bayan aiki, kana soka allura ka jawo shi zuwa gaba. A saƙar baya, zare yana gabanka, kana tura shi baya. Malaminka ko wani gwani zai nuna maka su da hannu, domin gani ya kori ji.

Hannun kowa daban ne. Wani yana matse zare, wani yana sake shi. Saboda haka kafin ka fara aiki, ɗora ido 30, ka saƙa har tsawon ya kai santimita 10. Shimfiɗa ƙyallen a tebur, ka aza rula a tsakiyarsa, ka ƙirga ido nawa ne a cikin santimita 10. Da matsakaicin zare da allura mai milimita 4, akan sami wajen ido 22. Idan naka ya fi haka da yawa, hannunka yana matsewa, sai ka ɗauki allurar da ta ɗan fi kauri. Idan bai kai ba, sai ka ɗauki wadda ta fi siranta. Wannan ɗan gwaji shi ne zai hana hular jariri ta fito kamar ta babban mutum.

Aiki na farko: murabba'in bargo

Murabba'i shi ne abu mai gefe huɗu daidai wa daida. Ɗora ido 40 zuwa 44, gwargwadon abin da gwajinka ya nuna, domin faɗin ya zama santimita 20. Yi saƙar gaba a kowane layi. Irin wannan saƙa tana da kauri, kuma gefenta ba ya naɗewa. Ka riƙa ƙirga idanu a ƙarshen layi, domin ɗan koyo yakan ƙara ko ya rage ba da saninsa ba. Idan tsawon ya kai santimita 20, rufe bakin saƙar a sake, kada ka ja da ƙarfi. Don ka tabbata murabba'i ne, ninka shi daga kusurwa zuwa kusurwa. In gefunan sun haɗu, aiki ya yi. Dunƙule mai giram 100 yakan ba da murabba'i biyu zuwa uku.

Murabba'i ɗaya ba zai rufe kowa ba. Amma idan aka jera biyar a faɗi, bakwai a tsawo, an sami 35, wato bargo mai faɗin santimita 100 da tsawon 140, wanda zai ishi ƙaramin yaro. Aji mai ɗalibai 35, in kowa ya kawo ɗaya, ya yi bargo ke nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sharaɗin kawai shi ne kowa ya kiyaye awo, kuma zaren ya zama iri ɗaya a kauri, ko da launi ya bambanta.

Aiki na biyu: mayafin wuya

Wannan murabba'i ne da aka ci gaba da saƙawa. Da zare mai ɗan kauri da allura mai milimita 5, ɗora ido 30. Yi saƙar gaba har tsawon ya kai wajen santimita 120. Idan zare ya ƙare, haɗa sabo a farkon layi, kada ka haɗa a tsakiya. Mayafin wuya ya dace da tsofaffi da masu gadi da manyan yara. Ba a ba jariri ko ƙaramin yaro, domin yana iya shaƙe shi.

Aiki na uku: hular jariri

Wannan hula da miƙaƙƙun allurai ake yin ta, a ɗinke bayanta daga baya. Kan jaririn da ya cika watanninsa yakan kai santimita 33 zuwa 35 a kewaye. Hula kuwa ana yin ta ƙasa da haka kaɗan, domin ta tale ta kama kai. Da matsakaicin zare da allura mai milimita 4, bi waɗannan matakai:

1. Ɗora ido 68.
2. Yi gaba biyu, baya biyu, har ƙarshen layi. Maimaita haka har ya kai santimita 3. Wannan shi ne bakin hula mai talewa.
3. Daga nan yi layi ɗaya gaba, layi ɗaya baya, har tsawon duka ya kai santimita 11.
4. Saƙa idanu biyu-biyu a haɗe har ƙarshen layi. Saura 34. Yi layi ɗaya na baya.
5. Sake haɗa biyu-biyu. Saura 17. Yi layi ɗaya na baya.
6. Sake haɗawa, ka saƙa na ƙarshe shi kaɗai. Saura 9.
7. Yanke zare ka bar jela mai tsawo. Zura ta a babbar allurar ɗinki, ka bi ta cikin idanun tara, ka tsuke, sa'an nan ka ɗinke bayan hular.

Domin bakwaini, ɗora ido 56, ka fara ragewa a santimita 9. Ma'aikatan jinya za su gaya maka girman da suka fi buƙata. Dunƙule mai giram 50 zai yi hula ɗaya har ya yi saura.

Ƙa'idojin da ba a karyawa

Kayan jariri ba sa son ado. Kada ka sa maɓalli ko dutsen ado ko tuntu ko doguwar igiya, domin jariri yana iya haɗiye su ko su naɗe masa wuya. Ka ɓoye duk jelar zare a cikin saƙa, kada ka bar ƙulli mai tauri. Ɗinkin baya ya kwanta, ya yi laushi. Ka wanke hannu kafin ka taɓa aiki, ka riƙa ajiye shi a jaka mai tsabta, nesa da ƙura da hayaƙi da dabbobi. Idan ka gama, wanke shi da sabulu marar ƙamshi mai ƙarfi, ka ɗauraye sosai, ka shimfiɗa shi ya bushe. Kada ka rataye shi, domin nauyin ruwa zai ja shi ya ɓata siffarsa. Kada ka fesa masa turare.

Kafin ka miƙa kowane abu, tambayi kanka: da ƙanena ne, zan yarda a sa masa wannan? Idan amsar "a'a" ce, warware ka sake. Zaren saƙa yana warwaruwa a sake amfani da shi, wannan kuwa yana cikin daɗin sana'ar.

Lokaci da ladabin bayarwa

Ɗan koyo yana iya ɗaukar mako ɗaya ko biyu a kan murabba'insa na farko. Saboda haka idan ajinku yana son kayan su isa kafin tsananin hunturu a Disamba da Janairu, sai ku fara tun zangon farko, a watan Satumba. Ku naɗa mai ajiyar zare, da mai awo, da mai rubuta abin da aka gama. Minti 20 a kullum ya fi sa'a uku a rana ɗaya. Da yayyafi kogi kan cika.

Ranar bayarwa, ku miƙa kayan ga shugabannin wurin, su ne suka san wanda ya fi buƙata, su ne kuma za su faɗa wa iyaye lokacin da ya kamata a sa wa jariri hula da lokacin da za a cire. Kada ku ɗauki hoton majinyaci ko maraya ba da izini ba. Mai karɓar taimako yana da mutunci kamar mai bayarwa. Wataƙila ba za ka taɓa ganin yaron da ya kwana a cikin bargonku ba, ko ka ji sunan jaririn da ya sa hularka. Wannan ba ya rage komai, domin Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Ma'anar wasu kalmomi

hunturu: lokacin sanyi da ƙura da hazo
bakwaini: jaririn da aka haifa kafin lokacinsa
kwarashi: tsinken saƙa mai ƙugiya a baki
dunƙule: abin da aka naɗe ya zama curi
tsini: siririn baki mai suka
kaushi: rashin santsi
talewa: buɗewa idan an ja
tsuke: matsewa, raguwar faɗi
sulluɓe: zamewa saboda santsi
tuntu: tarin zare da ake sa wa a saman hula domin ado
jinka: rufin ɗaki na ciyawa
ƙarko: daɗewa ba tare da lalacewa ba

Tambayoyi

1. Kawo ire-iren saƙa uku da aka ambata a darasin.
2. Me ya sa ya kamata ka yi tambaya kafin ka sayi zare?
3. Bayyana dalilai biyu da suke sa jariri saurin jin sanyi.
4. Mene ne renon kangaru, kuma a ina aka fara shi?
5. Me zai faru idan allura ta yi wa zare girma?
6. Mai kanti ya ce yana da allura lamba 8. Wace tambaya za ka yi masa, kuma don me?
7. Ɗaliba ta yi gwaji ta sami ido 26 a santimita 10, alhali 22 ake so. Wace shawara za ka ba ta?
8. Murabba'i nawa ake buƙata domin barguna huɗu?
9. Lissafa abubuwa huɗu da ba a sa wa a hular jariri.
10. Bayyana ma'anar karin maganar nan: "Da yayyafi kogi kan cika."

Aikin yi

(a) Kai da abokin zamanka ku tsara hira tsakanin ɗalibi da mai sayar da kayan saƙa. Ku yi gaisuwa, ku tambayi kaurin allura da nauyin zare, ku yi ciniki.
(b) Rubuta wasiƙa zuwa ga shugabar ma'aikatan jinya ta wani asibiti da ke kusa da ku, kana tambayar irin kayan saƙa da suke buƙata.
(c) Nemo kalmomi biyar masu harafin "ƙ" daga cikin darasin, ka sa kowace a jimla.